Ba a XP ake gane rikodar DVD mai kyawun hoto ba

Ɗana, ka ce ka haɗa rikoda biyu, Panasonic da JVC, ka naɗi labaran dare a kowacce, ka kalla ka ga duk ɗaya ne, shi ne kake tambaya ko zancen da ake yi na bambancin hotonsu ba shi da tushe. Bambanci kam akwai shi. Inda ka neme shi ne ba ya fitowa.

Na duba faya-fayan naka. Duka biyun a XP ka naɗa, wato matakin naɗi mafi inganci a cikin matakan rikoda (XP, SP, LP, EP), kuma mutum ne zaune yana karanta labarai, baki kawai ke motsi. A haka ko rikodar da ta fi kowacce rauni za ta fita kunya. Faifai mai shimfiɗa ɗaya gigabait 4.7 yake ɗauka, ba ya ƙaruwa. A XP awa 1 kaɗai ke shiga, kowace daƙiƙa tana samun rabon bayanai kusan megabit 10. A SP awa 2, rabon ya koma wajen 5. A LP awa 4, wajen 2 da rabi. EP kuwa, mai awa 6 ko 8, ban ma so ka saba da shi. In abu ya wadata kowa gwani ne. Sai rabo ya yi kaɗan ake sanin na'urar da ta iya tattali.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Tsarin MPEG-2, wanda DVD ke matse hoto da shi, ba ya ajiye kowane hoto cikakke. Yakan ajiye cikakke guda ɗaya kusan kowane rabin daƙiƙa, sauran na tsakani sai ya rubuta abin da ya canza kawai. Mai karanta labarai kusan ba ya canza komai. Amma sa wa rikoda wasan ƙwallo lokacin da kyamara ke bin ɗan wasa a guje, ciyawa na wucewa, 'yan kallo na kaɗa tuta a baya. Ko ruwa mai ƙyalli, ko hayaƙi, ko inda hoto ke dusashewa a hankali zuwa baƙi. Matso kusa da allo ka dubi ciyawar. A rikoda mai rauni za ka ga ta narke ta zama kore lumui, sannan ta farfashe gida-gida, kuma a gefen lambar rigar ɗan wasa wani ɗigo-ɗigo na rawa kamar sauro. Can ne za ka sa ido, a SP da LP.

Kada kuma kaifin hoton da ke tsaye ya ruɗe ka, don nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Cikakken hoton DVD a tsarin talabijin na PAL ɗigo 720 ne a kwance, 576 a tsaye. Yawancin rikodoji in an kai awa 4 sukan rage na kwancen zuwa 352, hoto ya ɗan yi laushi amma ya zauna lafiya. Panasonic daga samfuran 2005 ta bar LP a 720. In an tsayar da hoto, nata ya fi kaifi nesa ba kusa ba. Da motsi ya yi yawa sai ya watse, domin megabit ɗin da ba su kai 3 ba an ce su ciyar da ɗigo ninki biyu. Ni dai a awa 4 na fi son mai laushin. Ido yana mantawa da laushi bayan minti biyar, amma farfashewa duk sanda ta zo sai ta tsikare shi.

Aikin da zai fi zuwa hannunka shi ne juyar da tsohon kaset na VHS zuwa faifai, kuma nan ne na fi damuwa ka gane. Kaset yana da yayyafi, launinsa yana zuba, ja musamman. Rikoda ba ta san yayyafi datti ba ne. A wurinta motsi ne, sai ta ƙarar da rabonta wajen adana shi, fuskar mutum ta tashi da ragowa. Shi ya sa wadda ke wanke hoto kafin ta matse shi take yin gaba. JVC DR-M10, mai ƙwaƙwalwar kamfanin LSI, da wannan ta yi suna: tana kwantar da yayyafin launi sosai. Panasonic DMR-ES10 kuma gwaninta daban ne, tana miƙar da layukan kaset mai karkarwa, irin wanda saman hotonsa ke lanƙwashewa gefe. Har akan bi da hoto ta cikinta kawai, a naɗa a wata. Ka ga ke nan amsar tana bin abin da za a naɗa. Na taɓa juya wa wani kaset ɗin mahaifinsa da ya rasu, a LP don in haɗa biyu a faifai guda. Da ya kunna, fuskar tsohon tana farfashewa duk sanda ya juya kai. Na sake aikin tun daga farko, kuma har yau ina jin nauyin abin.

Shiri in ya kai awa 2 da minti 20, kada ka faɗa LP. Panasonic na da FR, Pioneer na da MN, da su ake daidaita rabon da tsawon shirin a cika faifan. Sunan kamfanin faifai kuwa ba ya ƙara kaifi ko launi. Mai kyau ya fi daɗewa ne kuma ba ya sarƙewa.

To, koma ka sake gwajin. Kaset ɗaya, wuri ɗaya na minti 10, a naɗa a kowacce. Waya iri ɗaya: in ka ba wannan S-Video, mai raba haske da launi, kada ka ba waccan mai kan rawaya, don ita tana cakuɗa haske da launi a hanya guda. In ka gama ka rufe faya-fayan (finalise) don su kunnu a wata na'ura, ka kunna su a na'urar kallo ɗaya da talabijin ɗaya, ba kowanne a rikodar da ta naɗe shi ba, saboda kowacce tana yi wa hoto kwalliya wajen fitarwa. Ka yi SP, ka yi LP. Kada ka rubuta sunan rikoda a kansu, sa lamba kawai ka riƙe a ranka, ka kawo mini mu zauna mu kalla tare.