Kafin a fesa wa tsohuwar mota fenti: a cire ƙarfen bakin gilashi ko a liƙe shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 daga mahaifina, ina so in sake mata fenti. Mai fenti na farko ya ce ba sai an cire siririn ƙarfen nan mai ƙyalli da robar da ke bakin gilashin ƙofa ba, zai liƙe su da tef ya fesa. Na biyu ya ce dole a cire, amma kuɗinsa ya fi yawa. Wa zan ba aikin, kuma me zan saya? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ɗan'uwa, ba na biyun aikin, amma kada ka bar masa mota ka juya baya ranar cirewa.

Ga dalili. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, kamfanin da ke Kakuri a Kaduna kuma ya soma harhaɗa Peugeot a 1975, ya ci gaba da ita shekaru da dama bayan Turai sun daina. Ko autarsu yanzu ta doshi shekara 20. Duk tsawon wannan lokaci ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin ƙarfen nan, ruwan damina ya biyo ta, su zama laka a wurin da tsumman mai wankin mota ba ya kaiwa. Nan tsatsa take fara cin ƙofa. Idan aka liƙe aka fesa, an rufe ciwo ne da sabuwar riga. Ga kuma bakin fentin da ke tsayawa daidai gefen tef: daga nan yake soma ɓamɓarewa, bayan damina ɗaya ko biyu ka ga ya yi bororo. Araha ba ta ado.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, kuɗi sun fi ƙarewa a kan ƙarfen adon, ba robar ba. Kayan inji da giya na 504 ana samun su a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Ƙarfen bakin gilashi miƙaƙƙe, wanda bai taɓa lanƙwashewa ba, shi ne mai wuyar samu, domin yawancinsu a hannun masu cirewa suke lalacewa. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallo, yaron shago ya zura sukudireba a ƙarshen ƙarfen ya ɓanƙaro da ƙarfi ɗaya. Ya fita kuwa, amma ya karye a tsakiya kamar karan dawa, bakin ƙofar ma ya loɓa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don abu ne da ya shekara talatin lafiya lau.

Saboda haka ka ce a bi a hankali. A fara daga ciki: a cire hannun murɗa gilashi, da mariƙin ƙofa, sannan allon da ke rufe cikin ƙofar. A sauke gilashi har ƙasa, a haska tocila a ga yadda ƙananan maƙalan ƙarfe suka riƙe ƙarfen adon, a duba ko akwai sukuru a ɓoye a ƙarshensa. A ɗiga musu man kwance tsatsa, a ba shi lokaci ya jiƙa. Sannan a yi amfani da abin ɓanƙara na roba ko siririn katako, a sa shi kusa da maƙali, a ɗaga kaɗan, a matsa gaba a ɗaga kaɗan, har ya saki gaba ɗaya. Kowanne ya fita, a manna masa takarda a rubuta ƙofarsa, gaba dama, baya hagu, ka ɗaure su a jikin dogon katako ka tafi da su gida. Kada su kwana a gareji.

Maganar saye kuwa, nemi maƙalai da robobi tun kafin a taɓa ƙofa. Tsofaffin maƙalai da yawansu za su farfashe. Ka cire guda ɗaya ka tafi da shi kasuwa a matsayin samfuri. Roba ka sayi sabuwa. Ta hannu ta riga ta sha rana kamar taka. Ka lanƙwasa ta a gaban mai shago, in ka ga tsage-tsage ka ajiye masa abarsa. In an gama fenti, a ba shi aƙalla mako guda ya bushe sosai kafin a mayar, kuma a tsokale ramukan zubar ruwa da ke gindin ƙofa.

Tambaya: Robar gilashin motar maigidana ta bushe. Ko in fesa mata man goge gaban mota ta yi laushi kafin a kai ta fenti? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: A'a, Hajiya, kada ki fesa. Yawancin irin wannan man yana ɗauke da sinadarin silikon, kuma fenti ba ya zama a inda ya taɓa. Sai ki ga ƙananan ramuka a jiki kamar zanzana. Ruwan sabulu ya isa ya sa roba ta zame. Idan an riga an fesa, ki ce wa Alhaji ya sanar da mai fenti, ya wanke wurin da maganin cire maiƙo kafin ya fara gugar bodi.