Amsa ga Hajiyar da ke son saya wa 'yarta laftof kafin Sallah

Hajiya, barka da shan ruwa. Na ga tambayarki: yarinya ta samu gurbi a jami'a, kina son ki yi mata goron Sallah da laftof, kin kuma ga wata ana tallarta da rangwame an rubuta Core i7 (sunan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar), kina tambaya ko ki tura kuɗi. Allah ya sanya albarka a karatun. Amma don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna.

Wannan rubutun na i7 ya taɓa cin kuɗina. Na shiga wani shago ana saura kwana uku Sallah, ga azumi ga cunkoso, mai shagon ya nuna min sitika yana cewa "Alhaji, wannan ai jirgi ce." Na biya na fito ina murna. Da na je gida sai na tarar i7 ɗin ta 2012 ce, kafin ta gama buɗewa mutum ya yi alwala ya dawo, batirin kuma ko minti ashirin ba ya kaiwa. Ƙarya bai yi min ba, ni ne ban san abin da zan tambaya ba.

Abin tambayar shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshon, wato zubin shekarar da aka ƙera furosesar. Yana nan a lambar da ke bin sunan. Idan kika ga i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na takwas, wanda ya fito a 2017. Idan i7-3520M ce, zubi na uku ke nan, tsohuwa tukuf. Ga aikin ɗalibi, i5 ta takwas ta fi wannan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Kuma akwai dalilin da ya sa na kafe a kan takwas: Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na takwas na Intel take karɓa, in ban da 'yan ƙalilan. Masu shago sun iya cusa ta a kan tsofaffin injuna ta bayan fage, saboda haka ganin Windows 11 a allo ba hujja ba ce. A shiga Settings, sannan System, sannan About, a karanta lambar da ido.

RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, kada ta gaza 8GB, ma'ajiyar fayiloli kuma ta zama SSD, wato mai sauri, aƙalla 256GB. Ko an ce miki 1TB ce, in dai HDD ce, wato tsohon samfuri mai nawa, ki wuce, sai in an yarda a canza miki a gabanki. Task Manager, wata manhaja da ke cikin Windows, zai nuna duka biyun.

Na san zuciya ta fi son sabuwa a kwali, musamman tunda kyauta ce. To, sababbin da ke da arha sosai yawanci Celeron ne, wato ƙaramar furosesa marar ƙarfi, da RAM 4GB, wasu ma an liƙe ta ba a iya ƙarawa, ga ma'aji ɗan mitsitsi da Windows kaɗai ke cinye rabinsa. Wasu kuma Chromebook ne, wadda ba ta ɗaukar manhajojin Windows da malamai ke sa ɗalibai su ɗora. In kuɗin bai kai na sabuwa mai kyau ba, ni dai na fi natsuwa da ta hannu irin wadda kamfanonin Turai da Amurka suka gama aiki da ita: HP EliteBook 840 G5, ko Dell Latitude 7490, ko Lenovo ThinkPad T480. Dukkansu ana samunsu da zubi na takwas, suna da ƙwari, kuma masu gyara a Farm Centre ta Kano ko Banex ta Abuja sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu. Farashi ba zan faɗa ba, dala ce ke juya shi, na yau daban na jibi daban.

Batir ne wurin da aka fi cutar mutane, kuma a ƙasar da wuta sai ta ga dama, shi ne rabin kwamfutar. Ki tafi da wani yaro da ya ɗan san kan abin, ya buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni a Windows, ya rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin batirin ranar da aka ƙera shi da abin da ya rage masa yanzu. In ya koma rabi, a canza ko a rage kuɗi. Daga nan a cire caja, a kunna bidiyo, a zauna minti goma sha biyar ana kallon yadda yake sauka. Ana zaune a danna kowane maɓalli, a gwada kyamara, sifika, wayifai da duk ramukan USB, a kuma tabbatar babu kalmar sirri a BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Mai shagon da ya fara tsaki saboda wannan zaman, ki yi masa sallama, shago ba ɗaya ba ne. Cajar ma a duba ta zama ta asali, don ta jabu ce ke fara kashe batir.

Sai batun lokaci. Garantin kayan hannu sau da yawa 'yan kwanaki ne, in kika saya jajibirin Sallah, zai ƙare ana yawon Sallah shaguna a rufe. Ki sa a rubuta a rasit cewa lissafin zai fara ne bayan an dawo kasuwa, tare da lambar jikin injin. In ma da hali, ki ba ta albishir ranar Sallah, ku je ku saya bayan mako guda hankali kwance, ba ƙishirwa ba turereniya.

Ba ki faɗi kwas ɗin da aka ba ta ba. In zanen gine-gine ne ko injiniyanci, inda za ta yi aiki da irin su AutoCAD, lissafin ya canza, sai a nemi RAM 16GB. Ki tambayi mai tallar ya ɗauko miki hoton shafin About ɗin nan da rahoton batir, ki turo in duba miki bayan tarawihi in sha Allahu.