Tambaya da Amsa: Ina zan samu jaridu da mujallun Rasha na lokacin yaƙin basasa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun digiri na uku a fannin tarihi, kuma bincikena a kan dangantakar Tarayyar Sobiyet da Najeriya ne lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Mai duba aikina ya ce sai na kawo abin da jaridu da mujallun Rasha suka rubuta da kansu. Na yi ta lalube a Google ban samu abin kirki ba, ga shi Rashancin nawa na 'yan koyo ne. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba da sa'a. Kada ka fara da neman maƙalar kanta. Fara da neman bayaninta: wa ya rubuta, a wace mujalla, wace shekara, fitowa ta nawa, shafi na nawa. Wanda ya riƙe wannan bayani zai iya roƙon kowane ɗakin karatu ya ɗauko masa hoton shafin.

A nan Sobiyet ta yi maka gata. Hukumar rajistar littattafai ta ƙasar ta riƙa buga jerin maƙalun mujallu mai suna Letopis' zhurnal'nykh statei tun 1926, da na jaridu, Letopis' gazetnykh statei, tun 1936. Jami'ar Indiana a Amurka ta ɗora na mujallun daga 1956 zuwa 1975 a intanet kyauta, ka ga shekarunka na ciki. Sai dai ka yi neman da haruffan Rasha. Rubuta Нигерия (Najeriya), ka kuma gwada Нигерии da Нигерию, don ƙarshen suna yana sauyawa gwargwadon aikinsa a jimla, kuma ba kowane rumbu ne ke haɗa su da kansa ba. Haka za ka yi da Биафра (Biyafara) da Лагос (Legas) da Говон (Gowon).

Mujallu biyu ne za su yi ta fito maka: Aziia i Afrika segodnia, wadda aka rubuta don gama-garin masu karatu, da Narody Azii i Afriki, ta masana. Da yawa daga waɗanda suka yi rubutu kan Najeriya a cikinsu suna da alaƙa da Cibiyar Nazarin Afirka da aka kafa a Mosko a 1959. Abin da masanan Rasha na yau suka rubuta kuwa samunsa ba wuya. CyberLeninka, taskar maƙalun ilimi ta Rasha a intanet, kyauta ce, ko rajista ba ta nema. Shafin eLIBRARY.RU ya fi ta faɗi amma sai ka yi rajista, kuma sau da yawa taƙaitaccen bayani kawai za ka gani. Ka bi manazartar da ke ƙasan waɗannan sababbin maƙalu, su ne za su kai ka ga tsofaffin.

Jaridu ne masu wuyar sha'ani. Cikakken kundin Pravda daga 1912 da na Izvestiia daga 1917 yana hannun kamfanin East View na Minneapolis, kuma sai jami'ar da ta biya kuɗin shiga. Tambayi ma'aikatan ɗakin karatunku ko suna da shi. In babu, nemi abokin karatu a jami'ar da ke da shi ka tura masa kwanan wata da shafi. Tun da Rashancinka bai nuna ba, Current Digest of the Soviet Press zai taimake ka ƙwarai: daga 1949 har rushewar Sobiyet ya riƙa fassara zaɓaɓɓun labaran jaridun Sobiyet zuwa Turanci kowane mako, tare da ranar da aka buga asalin. Zaɓi ne dai na editocin Amurka, don haka ka ɗauke shi ɗan jagora, ka koma ga asali kafin ka kafa hujja.

Ka kuma lura da bakin wa kake ji. A zamanin Sobiyet, Pravda ta jam'iyyar Kwaminis ce, Izvestiia ta gwamnati, Krasnaia zvezda ta ma'aikatar tsaro. Ba a buga labarin ƙasashen waje a cikinsu sai da yardar hukuma, saboda haka shaida ce ta abin da Mosko ta so a ji. In ka nemi ƙididdigar jiragen MiG-17 da aka ba gwamnatin Gowon a can, za ka sha wahalar banza. Amma ranar da lafazinsu ya sauya game da Ojukwu, da batutuwan da suka yi gum a kai, wannan babi ne guda a kundinka.

Ni da zan ba ka shawara, kada ka tsaya kan Rashanci kaɗai. Cekoslobakiya ta sayar wa Najeriya jiragen L-29, Folan kuma tana cikin ayarin 'yan kallo na ƙasa da ƙasa da aka gayyata a 1968. Jaridar Rudé právo ta Prag tana nan kyauta a shafin Cibiyar Adabin Cek, ta jam'iyyar Kwaminis ta Folan a wancan lokaci kuma ita ce Trybuna Ludu. Mujallun ilimi na Tsakiya da Gabashin Turai gaba ɗaya kuwa, duba rumbun intanet na CEEOL. Neman kyauta ne, karanta wasu ne ke buƙatar kuɗi.

In ka cije, akwai sashen Slavic Reference Service na Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign, wanda ke amsa tambayoyin masu bincike daga ko'ina ba tare da karɓar kuɗi ba. Rubuta musu da Turanci, ka faɗi maudu'inka da shekarun, ka liƙa bayanin maƙalar da haruffan Rasha yadda ka kwafo shi. Wajen rubuta manazarta kuma ka zaɓi tsari ɗaya na mayar da haruffan zuwa na boko, misali na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, don kada jarida guda ta fito Izvestiia a shafi na 40, Izvestiya a na 90.