Ƙanwata, ki fara da labarin Barzillai

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Sau uku na karanta tambayarki kafin na iya amsawa. Kin ce kin haura shekara 60, ƙarfi ya fara ja da baya, gidanki da a da ba ya rabuwa da baƙi yanzu in an ƙwanƙwasa ƙofa sai gabanki ya faɗi, har addu'a ta yi miki nauyi, kina neman abin karantawa da zai ɗaga ki. Kamar zuciyata kika buɗe kika kwafa. Shekarata 71 yanzu, kuma na bi ta inda kike tsaye.

Shekara 38 muka yi da maigidana kafin Ubangiji ya kira shi, kuma duk tsawon zaman nan akwai ɗaki guda a gidanmu da ba mu taɓa ɗaukarsa namu ba. Ɗalibai sun kwana a ciki, masu jinya sun kwana, masu wa'azi da hanya ta biyo da su sun kwana. A cikinsu akwai wani yaro, ba zan kama sunansa ba. Da jaka ɗaya ya zo a kan zai yi wata biyu, ya yi shekara 4. Marigayi ne ya riƙa cika masa kuɗin makaranta in ya gaza. Da zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku na yi a bakin gadonsa ina jiƙa tsumma ina shafa masa goshi, 'ya'yan cikina har suna ƙorafin na fi kula da shi. Mama yake ce mini, ni ma ɗana nake ce masa, kuma har zuci nake faɗa.

Shekara guda bayan rasuwar Baba, wato maigidana, na faɗi, ƙashin ƙuguna ya karye. Mako 7 ina kwance. Ban nemi kuɗin yaron nan ba, Allah shaida ne, muryarsa kawai nake so in ji, domin yana cikin waɗanda suka san Baba sosai. Na kira sau biyu ba a ɗauka ba. A na uku ya ɗauka ya ce, “Mama, ina cikin taro, zan kira ki.” Shekara 6 ke nan. Wannan ma da na shanye. Abin da ya karya ni shi ne ranar da ya yi godiya a majami'a saboda ƙarin girma da ya samu. Na sa aka kai ni, ina dogara sanda, na zauna kusa da gaba don ya gan ni. Ya gan ni kuwa, idonmu ya haɗu. Ya miƙe ya lissafa waɗanda suka tsaya masa a rayuwa, ya kira manyan wurin aikinsa, ya kira abokansa, ya kira malamin da ya koyar da shi shekara ɗaya tak. Ni ina ta jira in ji sunan Baba. Nawa sunan bai dame ni ba, na mutumin da ya hana kansa ya ba shi nake jira. Ya gama, aka tafa, ya zauna. Ban san yadda na fita ba. Har yau in na tuna tafin nan sai in ji ƙirjina ya yi zafi. A mota ban iya kuka ba, sai da na shiga gida na tsaya a ƙofar ɗakin baƙin. Ranar na kulle shi na jefa makullin cikin akwati, kuma kusan shekara biyu ban buɗe ba. In an ce wani zai zo sai in ce ba ni da lafiya. Wani lokaci gaskiya ne, wani lokaci ba gaskiya ba.

Ki yi haƙuri, na ja zancen. Karatu kika tambaya.

Ki buɗe 2 Sama'ila, ki karanta ƙarshen sura 17, sannan sura 19 daga aya 31. Mutane da yawa sun tsufa a cikin ikilisiya ba su taɓa jin an yi wa'azi a kan Barzillai ba. Dattijo ne mai arziki daga Gileyad, shekararsa 80. Lokacin da Dawuda yake gudu daga ɗansa Absalom, ya isa Mahanayim da mutanensa a gajiye, ga yunwa ga ƙishi, Barzillai da wasu mutum biyu suka kawo musu gadaje da tasoshi da abinci. Da rikici ya ƙare, sarki ya ce masa ya biyo shi Urushalima zai riƙe shi. Tsohon nan ya ƙi. Ya ce shi yanzu ba ya jin ɗanɗanon abin da yake ci, ba ya jin muryar mawaƙa, don me zai zama wa sarki kaya? Ya raka shi ya haye Urdun, ya ce a tafi da wani nasa mai suna Kimham a madadinsa, shi kuma a bar shi ya koma ya mutu kusa da kabarin iyayensa. Ƙanwata, wannan mutum ne ya koya mini in faɗi iyakar ƙarfina ba tare da kunya ba. Ya yi hidima da abin da ke hannunsa, ya san inda ƙafarsa za ta tsaya, ya tura matashi gaba. Kuma a 1 Sarakuna 2, Dawuda yana bakin mutuwa bai manta ba, ya ce wa Sulemanu ya yi wa 'ya'yan Barzillai alheri. Wannan aya ta sa ni kuka sosai, kin san dalili.

Wadda ta fi yi mini ciwo kuwa ita ce Luka 14, aya 12 zuwa 14, inda Yesu ya ce in za ka kira mutane cin abinci ka kira waɗanda ba za su iya rama maka ba. Na san wurin tun ina budurwa. Amma ranar da na karanta shi da makullin nan a cikin akwati, sai na ga ashe shekara da shekaru ina rubuta bashi a zuciyata ban sani ba. Ban ce abin da yaron nan ya yi daidai ne ba, butulci ne, kuma ba zan canza masa suna ba. Sai dai ni ma na gane ina jiran biya daga inda ba a yi mini alkawarinsa ba. Ki haɗa da 1 Bitrus 4:9, mu karɓi juna ba tare da gunaguni ba. Manzo ya san ana gunaguni, shi ya sa ya faɗa. Saboda haka faɗuwar gaban da kike ji kada ki ɗauka ke kaɗai ce, ko bangaskiyarki ce ta mutu.

Don addu'ar da ta yi nauyi, Zabura 71. Addu'ar tsoho ce daga farko har ƙarshe, yana roƙon kada a yashe shi sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare, a bar shi har ya ba 'yan baya labarin ikon Allah. Watannin da ba ni da kalmomin kaina, ita nake karantawa da ƙarfi kowace safiya, ko ban ji komai ba. Daga baya na ƙara Ishaya 46:4, inda Allah ya ce har furfura shi ne zai ɗauke mu. Mai-Wa'azi sura 12, wanda a wasu juyi ake kira Mai Hadishi, ki karanta shi da rana, kina tare da wani. Gaskiya ce tsantsa game da ido da haƙora da ƙafafu, amma na taɓa karanta shi ni kaɗai da tsakar dare kuma ban ji da daɗi ba.

Af, kin je an duba idonki kuwa? Ina tambaya ne domin ni na daɗe ina zargin kaina da sanyin ruhu, ashe rabin matsalar ƙananan haruffa ne suke sa mini ciwon kai, sai in rufe littafin. Jikata ce ta sa mini Littafi Mai Tsarki na sauraro a waya. Kuma ki bar a auna miki jini, gajiyar da ba ta tafiya ba kullum ce ta shekaru ba.

In kina karanta Turanci, ko akwai mai karanta miki, littattafai biyu ne zan iya tsaya musu. Na ɗaya Nearing Home na Billy Graham, ya fito a 2011 yana da shekara fiye da 90, bayan rasuwar matarsa a 2007. Abin da na so a ciki shi ne bai ɓoye cewa tsufa da wuya ba, mutumin da ya zaga duniya yana wa'azi ya koma tafiya ma sai da taimako. Na biyu The Pilgrim's Progress na John Bunyan, mutumin Ingila. Kowa ya san kashi na farko na 1678, amma kashi na biyu nake nufi, na 1684, inda matar matafiyin da 'ya'yanta suka kama hanya. Tafiyar nan cike take da sauka a gidajen mutane, kuma ayarin har da raunana, har da mai dogara sanda, ba a bar kowa a baya ba. Ni da sandata na ji an sa ni a lissafi.

Wani abu kuma, kada ki bari a yi miki bulala da labarin Ibrahim a Farawa 18. An sha ce mini, ai yana da shekara 99 ya ruga ya tarbi baƙi. Haka ne. Amma ki karanta da kyau, ya sa Saratu aiki, ya sa baransa aiki, bai ɗauki komai shi kaɗai ba. Macen Shunem ma a 2 Sarakuna 4 abin da ta sa wa Elisha a ɗaki gado ne da tebur da kujera da fitila, shi ke nan. Mu ne muke ɗora wa kanmu abin da ba a ce ba, sai mun gyara ko'ina, sai mun tsaya a ƙafa tun safe. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Yanzu ni mutum ɗaya ko biyu nake karɓa, da rana, kuma ina faɗa musu tun farko cewa in na gaji zan shiga in kwanta. Ba wanda ya taɓa yin fushi.

Abin da ya fi mini wuya har yanzu shi ne in bari a yi mini. Wata yarinya ce a ikilisiyarmu, ban taɓa yi mata komai ba, ta riƙa zuwa tana share mini gida, ni kuma ina korarta da cewa ba na bukata. Ranar da na ƙyale ta, ita ce ta tambaye ni me ke cikin ɗakin da yake kulle. Tare muka buɗe, tare muka kakkaɓe ƙurar. Yanzu duk Talata a nan muke zama, tana karanta mini ina yi mata bayanin abin da na sani. Littafin Rut muke ciki, mun kai wurin da Na'omi ta ce a daina kiranta Na'omi a kira ta Mara.

Yaron nan ina sa shi a addu'a, wata rana da sauƙi, wata rana sai na yi da gaske kafin sunansa ya fito daga bakina. Ke ma ki sa ni a taki. In kin karanta na Barzillai ki dawo ki gaya mini ko akwai wani Kimham kusa da ke da za ki fara miƙa wa hidimar.