Iska ba ta tura kwano, ɗaga shi take yi

Jiya muna saman rufin nan na unguwar Bukoki a Yamai kana miƙo mini kusa, sai ka ce: "Maigida, yanzu fa muke Maris, sama tas, ko ƙyallin girgije babu. Me ya sa muke gasuwa a kan rufin da ba ya yoyo? Mu bari mana sai hadari ya fara haɗowa." Ban tanka maka ba don kusoshi uku ne a bakina. To, saurara.

Kai ruwa kake jira, ni iskar da ke gabansa nake tsoro. Kuma tun kafin ta zo, hunturu ya gama yi mata aiki. Daga Nuwamba zuwa yanzu busasshiyar iska ke kaɗawa daga arewa maso gabas, ƙurarta mai yawa daga Bodele take tasowa, can ƙasar Cadi. Yadda ta fasa maka leɓe ta sa maka kaushi, haka ta yi wa katako. Wanda aka sayo a Kasuwar Katako da sauran danshinsa ya tsotse, ramin kusa ya buɗe. Ga shi daga ƙarshen Fabrairu gari ya rikice: da asuba kana neman bargo, da azahar ba ka iya dafa kwano da hannu. Ƙarfe ya miƙe da rana, ya takure da dare, shi ne ƙas-ƙas ɗin da kake ji bayan magariba. Kowane motsi yana girgiza kusa. Ka tuna wadda ka zare da yatsu biyu, ko filaya ba ka ɗauka ba? Irinta sun fi ashirin a rufin nan.

Guguwar bazara, wadda ke murɗawa da tsakar rana ta kwashe leda da tabarma, gwaji ce kawai. Babbar tana tafe, kuma daga gabas take ɓullowa, ta nufi yamma. Hadari in ya haɗu, sanyayyar iska ce ke faɗowa daga cikinsa ta bugi ƙasa, ta yi gaba tana tura ƙura kamar katanga. Ranar 4 ga Mayu 2020, ana cikin azumi, kana ƙarami amma ka gani: jar katanga ta rufe Yamai da rana tsaka har gari ya yi duhu. Daga ganinta zuwa isowarta ko tsani ba za ka gama jinginawa ba.

Abin da yara ba su ganewa shi ne, iska ba ta tura kwano daga waje. In ta bi ta samansa da gudu tsotso shi take yi, in kuma ta sami kafa ta bakin rufi ko ta ƙofar gabas da aka bari a buɗe, sai ta cika ɗakin ta bugo shi daga ciki. Ja ta sama, turi ta ƙasa. Daga kusurwa take farawa, ta ɗaga falle ɗaya, sauran su bi.

Ni ma sai da na sha kunya na koya. Ina sabon cin gashin kaina na yi wa wani mutum ɗaki biyu. Ya ce kuɗi sun ƙare, a ɗora katako a kan bango kawai, a danne da bulo. Na yarda. Hadarin farko rufin ya tashi ɗungurungum, da katakon da bulon, ya sauka a garken maƙwabci ya karya wa tunkiya ƙafa. Kusa ko ɗaya ba ta fita ba, ka ji. Kwano ya riƙe katako sosai, katakon ne babu abin da ya riƙe shi. Har yau in na bi ta layin nan sai na sauke kai.

Shi ya sa nake matsa maka a kan ƙarfen nan mai lamba 6, wato siririn rodin gini. Tun ana zuba ɗaurin siminti na saman bango, wanda muke ce wa shenaj, ake binne shi a ciki, a bar kawunansa a waje, a lanƙwasa su a kan katako. Kusa kuma a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, a ƙara yawanta a baki da kusurwa. Duwatsu da tsoffin tayoyi da kake gani a kan rufin mutane, wannan ba aikin magini ba ne. In iska ta yi ƙarfi, dutsen kan wani zai faɗa.

Gyaran siminti kuwa da sassafe, domin nan da Afrilu zafi zai haura digiri 40. In ba ka shayar da shi kwana bakwai safe da yamma ba, ƙonewa zai yi, ka murje shi da yatsa.

Masu gidan ƙasa su ma yanzu ne lokacinsu: yaɓe, cike tsagar soro, fitar da ƙurar da ta toshe indararo. Dā maigidana yana duban sama ya ce saura kwana kaza ruwa ya sauka, kuma ya dace. Ni na daina wannan lissafi. Wata shekara ɗan yayyafin mangwaro kawai za a yi, wata kuma a yi ruwan da ya fi ƙarfin bango, kamar na 2024 da ya kayar da tsohon masallacin Damagaram.

Gobe ka zo bayan sallar asuba, kafin kwano ya yi zafi. Ka taho da wayar ɗauri da filaya, kusurwar gabas za mu fara. Kuma ka sa takalmi, ba silifas ba.