Tambaya da Amsa: Annabcin rushe Haikali, ya riga ya cika ko yanzu ake jira?

Tambaya: Malam, hankalina a tashe yake. Ƙanena ya kalli wani bidiyo a WhatsApp, wai Matiyu 24 zancen zamaninmu ne, an kusa sake gina Haikali a Urushalima kuma ƙarshen duniya bai wuce shekara biyu ba. Yanzu ya ce ba amfanin komawa makaranta. Don Allah Kiristocin farko haka suka fahimci wurin?

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki. Maganar da Yesu ya yi cewa ba dutsen da za a bari a kan ɗan'uwansa, magabatan ikilisiya ba su yi jayayya a kanta ba, sun ce ta cika a shekara ta 70, lokacin da Titus ɗan sarki Besfasiyan ya kewaye birnin da sojojin Roma aka ƙone Haikalin. Luka 21:20-21 ma ya faɗa ƙarara, in kun ga sojoji sun kewaye Urushalima ku gudu kan duwatsu. Yusibiyus na Kaisariya, mai rubuta tarihin ikilisiya a ƙarni na 4, ya ce masu bi sun fice zuwa garin Fella a hayin Urdun, sannan ya ɗauko labarin yunwa da kisan da Yusufus Bayahude ya gani da idonsa ya jera kusa da kalmomin Yesu. Kilemen na Iskandariya da Tartuliyan su ma sun ɗaure annabcin makonni 70 na littafin Daniyel da zamanin Besfasiyan.

Inda suka rabu shi ne ko akwai saura. Ireniyus na Liyon, wajen shekara ta 180, da Hifolitus na Roma sun ɗauka magabcin Almasihu zai zo nan gaba ya zauna a Haikali a Urushalima. Agustin kuma ya ce zancen a haɗe yake, wani sashi na rushewar birnin ne wani na ƙarshe ne, kuma rabe su sai da natsuwa. To kin ga ra'ayin sake gina Haikali ba sabo ba ne.

Amma abin da ke ƙona min rai, kuma kusan kullum sai an turo min irinsa, shi ne masu sa rana. Mutum ya ɗauki waya, ya haɗa yaƙin Gabas ta Tsakiya da girgizar ƙasa da wata jar saniya da aka kai Isra'ila, ya buga lissafi, ya ce saura kaza, a ƙarshen bidiyon kuma ga lambar akawun. Haba! Shi Hifolitus ɗin da suke fakewa da shi, a sharhinsa na Daniyel ya ba da labarin wani shugaban ikilisiya a Fontus da ya yi mafarki ya ce wa jama'arsa shari'a za ta zo cikin shekara guda, mutane suka bar gonakinsu ba noma, wasu suka sayar da abin hannunsu, shekara ta zagayo ba abin da ya faru, suka koma bara. Ya kuma ambaci wani a Siriya da ya kwashi mutane har da mata da yara zuwa jeji wai tarbar Almasihu, saura kaɗan gwamna ya sa a kashe su a matsayin 'yan fashi. Don ya tsawata ya rubuta waɗannan, ba don a kwaikwaya ba. A zamaninmu ma Harold Camping na Amurka ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka zubar da ajiyarsu wajen buga alluna, gari ya waye kowa na nan. Duk wannan kuwa a cikin Matiyu 24 ɗin da suke karantawa, aya ta 36, Yesu ya ce ranar nan ba wanda ya sani, ko mala'iku, sai Uban. Su tsallake wannan su kama aya ta 6 mai zancen yaƙe-yaƙe, alhali ita kanta ta ce kada ku firgita, ƙarshen tukuna.

Ki zauna da ƙanenki, kada ki yi masa tsawa, tsoro ne ya kama shi. Ku karanta Luka 21 tare daga farko har ƙarshe, sannan 2 Tasalonikawa 3, inda Bulus ya ja kunnen waɗanda suka ajiye aiki suna zaman banza. In ya ƙi saurarenki ki kai shi wurin fastonku ko wani dattijon coci da yake jin nauyinsa, kuma a yi hakan kafin a rufe rajistar zangon nan.