Amsa ga ɗalibar farmasi kan auna tsadar magani da amfaninsa

Ƙanwata, kin tambaya ko wannan darasin ya wuce kwatanta farashin kwali biyu, kuma ta ina za ki kama aikinki na ƙarshen karatu. Ya wuce nesa ba kusa ba.

Fara da yanke shawarar aljihun wa kike ƙirgawa: na asibiti, na gwamnati, ko na iyali. A nan yawancin ɗalibai ke tuntuɓe. Tun 2006 aka ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a Nijar, amma uwar da ta taso daga Mirya zuwa babban asibitin Damagaram ta biya mota da kabu-kabu, ta ci abinci, maigida ya bar gona ana tsakiyar noma. In lissafin iyali kike, duk wannan ya shiga.

Ɗauki zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tunda shi ke cika mana gadaje da damina. Allurar artesunate ta fi kinin tsada a kwalba. Sai dai kinin ana sa shi cikin ƙarin ruwa duk awa 8, kowane ya ɗauki awa 4 yana ɗiga, ga leda, ga tiyo, ga ma'aikacin jinya da zai tsaya a kai, ga awon sukari domin yana saukar da shi. Artesunate kuwa allura ce nan take, sai awa 12, sai awa 24. Binciken AQUAMAT na 2010 kan yaran Afirka ya samu mutuwa kashi 8.5 cikin ɗari da artesunate, 10.9 da kinin.

Ga lissafin: bambancin kuɗi a raba da bambancin sakamako. A ce, don misali kawai, artesunate ya ƙara jika 3 kan kowane yaro. Yara 100, sefa 300,000 ke nan, an ceci rai 2.4, wato bambancin 10.9 da 8.5. Kowane rai ya tashi sefa 125,000.

Kada ki ɗauko farashin Faransa daga littafi. Nemi na ONPPC, ma'aikatar gwamnatin Nijar mai samar da magunguna, da na farmasin gari, ki rubuta watan da kika ɗauka. In amfanin zai kai shekaru, rage darajarsa da kashi 3 cikin ɗari a shekara. Sannan ki ɗaga farashin, ki sauke, ki ga ko hukuncin ya juya. Alƙalan jarabawa a nan suke matsa ɗalibi.